Hoton Yaya Cikin Furanni

Mu 'yan zangon Salaga muna da zaure a waya. Don abin kirki aka buɗe shi: a sanar in famfo ya kawo ruwa, ko in jirgin ruwan Makango ya lalace, kada masu kifi su yi wahalar banza. Sai aka ɗora wani maƙwabcinmu a kansa, wai ya iya haɗa hoto. Ƙato ne da gemunsa, amma ko akuya ce ta haihu sai ya yi mata ado ya sa waƙa. Burinsa ɗaya a duniya, a ce shi ya fara faɗa.

Yayana yana fataucin masara a Bawku. Ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Abokan cinikinsa sun san ya kamata, ba su kira gida ba, kawunmu suka kira a Yendi. A wurinmu ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta a tsaye, balle a waya. Ɗan'uwanta ke zuwa da ƙafarsa, ya tara dattawa, a zaunar da ita tukuna. Kawu ya kira ni ya ce, "Ki riƙe bakinki har in iso." Na riƙe. Ina tankaɗe a tsakar gida, na juya wa Mma, uwarmu, baya don kada ta ga idona.

Shi kuwa gwanin, ban san inda ya tsinto labarin ba. Kawu bai kai ko Bimbilla da ke rabin hanya ba, gwanin ya gama aikinsa ya watsa a zaure: hoton Yaya na sallar bara, cikin babbar riga, kewaye da furanni da taurari masu ƙyalli, ga sanarwar rasuwa a rubuce. Can ƙasa ya maƙala lambar wayarsa, ga mai son irinsa. Talla da gawar ɗan mutane! Har yau in ya gaishe ni ba na amsawa.

Mai kokon layinmu ta shigo da waya a hannu. Ita ma kamar Mma, ba ta karatu. Da Hausarta ta zango ta ce, "Mma, ka ga yaronka? An sa shi a waya, ya yi kyau!"

Mma ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kai hoton kusa da ido, ta yi dariya.

"Kai, ɗan nan! Sarauta aka ba shi bai gaya mini ba?"

Ta miƙo mini wayar. "Bar tankaɗen nan, karanta mini abin da suka rubuta."