Barmo Mai Duba Ɓarna

A Azarori, in shanu suka faɗa gona kafin a saki gonaki, Barmo ake kira. Shi ke bin kunya-kunya yana duba karan da aka cinye, ya yanke abin da makiyayi zai biya. Ba shi da sarauta, ko takalmin kirki ba shi da shi, sai wata tsohuwar rediyo da ya ɗaure da roba. Amma da wuya a tsallake maganarsa. In wani mai taurin kai ya ce, "In na ƙiya hwa?" sai Barmo ya yi murmushi.

"Gaba da gabanta. Bisa gare ni akwai maigari, bisa maigari akwai sarki, bisa sarki akwai gwamnati. Ita ma gwamnati tana da mai kwaɓa ta."

Majalisar Ɗinkin Duniya yake nufi. Bai taɓa ganin ko ƙofarta ba, amma yana ambatonta kamar gidan kawunsa. Abokan wasa har Wakilin Majalisa suke ce masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Ana nan sai ɗansa Yakubu ya tafi ci-rani Libiya, yadda samarin garin ke yi bayan girbi. Yana aikin gini wasu masu bindiga suka kwashe shi da abokan aikinsa, suka kulle su a wani gida da ba na gwamnati ba. Abokin tafiyarsa ne ya bugo waya ya faɗa. Ba alƙali, ba laifin da aka ce ya yi.

Barmo bai firgita ba, wannan ne ma abin da ya fi ban tausayi. Ya ce wa matarsa Jaratu ta kwantar da hankalinta, ya sa rigar Juma'a ya soma hawa tsanin da ya daɗe yana lissafa wa mutane. Maigari ya kai shi wajen sarki. Daga nan sai hukumomin Madawa, daga Madawa sai na Tawa, babban birnin jiha. Ko'ina an ba shi kujera da ruwan sha, an ce abin ya fi ƙarfinsu. Wani ma'aikaci ya gaya masa gaskiya: can ƙasar, ba a ma san wa za a tambaya ba.

Saura Majalisa. Ya dawo ya rungumi rediyo. Ran da aka ce za ta zauna kan baƙin da ake tsarewa, har maƙwabta ya tara. Ta zauna, manyan ƙasashe suka yi ta sa-in-sa, aka tashi da nuna damuwa.

Jaratu na daka, ta tsayar da taɓarya. "Malam, damuwa ai ni ma ina da ita. Wa za ya buɗe ƙohwa?"

Barmo ya kashe rediyon. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu Yakubu babu labarinsa. Baƙin ciki ya ci Barmo, ya rame, rediyon ma ya daina saya mata batir.

Kakar bana aka sake kiransa wata gona. Ya bi kunyoyin a hankali, ya yanke hukunci daidai yadda ya saba. Mai shanun, wani saurayi tsaran Yakubu, ya dogara sanda.

"In na ƙiya hwa, Baba?"

Jama'a suna jiran amsar da kowa ya haddace. Barmo ya daɗe yana kallon yaron.

"Sai Allah, ɗana," in ji shi. Ya ɗauki takalmansa ya nufi gida.