Allon Burodin da Na Kifar a Misfala

Ko da zan manta ranar da na fara riƙe sitiyari, ba zan taɓa manta ranar da askari ya rubuta mini takardar laifi a unguwar Misfala ba. A lokacin motoci sun fara yawa a Makka, raƙuman ɗaukar alhazai suna ta ja da baya, ni kuma ina jan wata tsohuwar lori mai tari kamar mai ciwon ƙirji. Saura mako uku a fita Mina, jigilar alhazai kuwa ita ce aikin da muke ci shekara guda da shi.

Akwai wani abokina da muka taso lungu ɗaya. Iyayenmu tare suka keto Sudan a ƙafa, tare muka koyi tuƙi wajen mutum ɗaya, kuma wallahi na fi shi hannu. Amma shi aka ɗauka direban wani attajiri, yana jan baƙar mota mai ƙyalli, ni ina fama da lori. Ya sayi agogo. Kai, agogon nan ya ci mini rai! Ko gaisawa za mu yi sai na ga kamar da gangan yake miƙo wannan hannun. Yanzu da na tsufa ba na ɓoyewa, baƙin ciki nake masa, ba wani abu ba.

Ran nan da hantsi na shigo unguwa, sai ga shi zai tsallaka hanya a ƙafa, cikin farar jallabiya, da wani abu a kansa. Na gan shi sarai. Ya ma ɗago mini hannu, rana ta haska agogon. Sai zuciyata ta ce, yau dai mai baƙar mota zai san ƙura. Maimakon birki na danna hon, na ƙara mai. Ya yi tsalle baya, ya faɗi da gwiwa, abin da ke kansa ya kife a ƙasa. Ashe askari na tsaye a bakin shagon shayi. Ya tare ni, ya karɓi takardar tuƙina, ya rubuta cewa na ƙi ba mai tafiya a ƙafa hanya, ya ce in ina da ja, gobe in same su a ofis. Ko waiwayen abokina ban yi ba.

Da na koma gida cin abinci, babu burodi. A Makka ta wancan zamani, mace ba ta fita kai kwaɓi gidan gashi. In maigida ba ya nan, sai ta jera kwaɓin a kan allo, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a ƙofa. Duk namijin da ya fara wucewa shi zai ɗauka ya kai, ko wane ne shi. Matata ta ce ta ajiye, an ɗauka, har yanzu shiru. Na yi ta masifa, ina cewa mutanen yanzu ba amana.

Washegari na tafi ofis da maganata a shirye. Babban jami'in yana zaune, takardar tuƙina a gabansa, abokina na gefe da ɗaurarriyar gwiwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, shi ya faɗo mini kwatsam. Mutumin nan ya saba zama cikin mota, ya manta yadda ake tafiya a ƙasa.”

Jami'in ya juya gare shi. “Haka ne?”

Abokina bai kalle ni ba. Ya ce, “Na duba kafin in tsallaka. Na gane motarsa, shi ya sa na ɗaga hannu. Na ɗauka ya gan ni.”

“Me ka ɗauko?”

Sai askarin ya jawo wani allo daga bayan ƙofa, don tun jiya ya riƙe shi a matsayin shaida. Busasshen kwaɓi duk ƙasa, a kansa kuma shuɗin ƙyalle mai jan zare a baki. Innalillahi! Ni na sayo ƙyallen nan, a gabana matata ta yi masa wannan ɗinki. Ga kuma tsagin gefen allon da na ɗaure da waya da hannuna.

Jami'in ya sake tambaya, “Na gidan wa ne?”

Abokina ya ce, “Na wani maƙwabci ne, ranka ya daɗe. Na ga maigidan ba ya nan.”

Ko a nan bai tona ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce, “Nawa ne. Kuma na gan shi. Da gangan na ƙi tsayawa.”

Abokina ya yi ta roƙo, yana cewa ɗan'uwansa ne ni, ya yafe. Jami'in ya ce yafiyarsa ta gwiwarsa ce, hanya kuwa ta jama'a ce. Ya jefa takardar tuƙina cikin aljihun tebur, sai bayan Hajji.

Shekarar nan a ƙafa na yi Mina, ina dakon kayan alhazai a kai, wani na jan lorita, motoci na watsa mini ƙura. Abokina kuwa, duk ranar da ba na gida, shi ya ci gaba da kai allonmu gidan gashi, yana ɗingishi.

Abin da na koya shi ne, in kana baƙin ciki da mutum, abin hannunsa kawai kake gani, ba ka ganin abin da ya ɗauko maka. Ni agogo na tsaya kallo, alhali abincin gidana ne a kansa.