Kawu Bawa da Zakin Rima

Duk wanda ya san Kawu Bawa ya san ba ya taɓa sabon abu sai ya raɗa masa suna. Kuma raɗin suna na gaske, wallahi! Ya sayo goro, ya tara 'yan majalisarsa a ƙofar gida a Gwadangaji, a shafa fatiha, sannan ya sanar. Tun da aka ba mu jiha ya bar kamun kifi a Argungu ya dawo Birnin Kebbi aikin masinja, haka yake. Da na kawo masa wayar hannu, ya ce sunanta Magulmaciya. Na ce, "Kawu, ai tana da suna." Ya ce, "Wanda uwayenta sunka sa mata can. Nan gidana taka kwana."

Ban taɓa ganin ya kaɗu ba sai a kan Luba, 'yarsa mai sayar da shinkafa da kifi a tashar Argungu. A wani zauren 'yan Kabi na intanet, wani mai kiran kansa Zakin Rima, ba hoto ba sunan gaskiya, ya rubuta wai ruɓaɓɓen kifi take soyawa. Nan da nan bencinta ya zama wayam, ga shi da tukunyar nan take riƙe da marayunta. Ni na karanta wa Kawu.

"Innalillahi! Ɗan wa na?"

"Ba a sani ba."

"Ina gidansu?"

"Kawu, sunan ma ƙirƙirarsa ya yi."

Ya cire hula ya riƙe baki. "Mutum shi zagi ɗiyar mutane, kuma babu ƙohwar da za a tai a yi sallama?"

Ya sa ni na rubuta amsa da cikakken sunansa, da na ubansa, da kwatancen gida. "Ƙara da cewa ina nan bayan la'asar." Ya shimfiɗa tabarma yana jira har da ruwan baƙo. Zaki bai zo ba.

Sai ya ce wannan cuta tana yawo ba suna, shi ya sa ta raina mutane. Aka sayo goro. Wani ya ce a kira ta jarumtar bayan danga. Kawu ya ce, "Na bayan danga ana ganin ƙahwahunai." Can ya buga cinya. "Ƙurungu! Kihin ga da ka soke ka cikin laka inda ba ka ganinai, in ka hiddo shi tudu shi dinga kuka. Sunanta ƙurunganci!"

To ga abin mamaki. Ko harafi ban rubuta ba, kafin magariba sai ga Zaki a zaure yana kumfar baki: "Wa tsohon nan yake kira ƙurungu?" Waɗanda suka ci goron nan kaɗai suka ji kalmar, kuma a cikinsu mutum ɗaya ne yake iya latsa waya ban da ni. Dattijo ne mai sanyin murya, ko akuya ta shiga gabansa sai ya ba ta hanya. Ashe ƙanwarsa ce ke da tukunya kusa da ta Luba.

Na zaci za a yi tashin hankali. Kawu ya sa babbar riga, ya tasa mutumin a gaba har Argungu, ni ina biye. Ya zaunar da shi a bencin Luba, ya ce a zubo masa kifi. Da Luba ta koma wajen tukunyarta, Kawu ya rage murya.

"Ci, Zaki. Ya ruɓe?"

"Bai ruɓe ba, Malam Bawa."

"To koma cikin lakarka ka hwaɗi hakanan."

Ya koma ya rubuta cewa ƙarya ya yi, kuma a hankali benci ya cika. Luba ta yi ta roƙon ubanta ya gaya mata wane ne Zakin, don ita baƙo kawai ta ga an kawo mata. Ni ma na ce a tona shi, raina a ɓace yake. Kawu ya harare ni. "Cuta nir raɗa ma suna. Mai ita yana da ɗiya."

Har ya koma ga Allah bai faɗa ba, kuma ni ma ba za ku ji a bakina ba. Ranar jana'iza na ga mutumin a gaban makara, yana kuka kamar yaro, ya hana kowa ya karɓe shi.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa. Ya rufa wa wani asiri a ranar da yake da ikon tonawa, Allah ka rufa nasa ranar da babu mai ɓuya.