Kawu Ya Fita Neman Mai Gyara

Ina cikin amsa kiran masu saurare a ofishinmu na gidan rediyo, wayar Inna, matar Kawu, ta shigo. Ko sallama ba ta yi ba.

"Kawunki ya zo wurinki?"

"Wurina kuma, Inna? Ya san hanya ne?"

"Kujerarsa ba kowa. Ba takalminsa, ba rediyonsa."

Nan take na san abin da ya fitar da shi.

Kawu wan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Tela ne, a kan keken ɗinki ya tsufa, da ƙaramin rediyo rataye a ƙusa saitin kunnensa, an ɗaure murfin batirin da ƙyalle. Da kiɗa yake taka keke. In waƙa ta yi sauri, ɗinki ya yi sauri. Da mantuwa ta kama shi, ya bar shago. Da sunan mahaifiyata yake kirana, amma waƙoƙin dā da tasharmu ke sawa da yamma, ko baiti ɗaya ba ya kuskurewa. Da an fara shirin sai ya zauna daram, ƙafarsa na taka iska. A lokacin ne Inna ke samun leƙawa kasuwa.

Ni na kashe shirin. Ban daɗe da kama aiki ba, ina son a san na yi karatu. Na miƙe a taro na ce masu talla matasa suke nema, a sa sababbin waƙoƙi. Manaja har da tafi. Ko kusa Kawu bai faɗo mini a rai ba.

Masu saurare suka yi mana ca. Wani direba ya ce, "'Yata, wannan kiɗa ne ko injin markaɗe kuka jona mana?" Wata ta ce ta mayar da rediyonta abin tokare ƙofa. Muna kashe waya muna dariya.

Kawu bai san da canji ba. Ya yi ta jijjiga rediyon, yana murɗa shi.

"Ke, abin nan ya lalace. Ihu kawai yake yi."

Maimakon in gaya wa Inna gaskiya ta daina fita, sai na ce, "Bari, Kawu, gobe zan kai wa mai gyara." Kullum gobe.

Shi ne ya tafi da kansa. Shagon mai gyaran da ya sani ya daɗe da zama kantin magani. Mai kantin ya ce wani dattijo ya leƙo, ya yi tambaya, ya wuce da rediyo a kunne. Bai lura da inda ya nufa ba.

Mun zaga asibitoci, mun sanar da 'yan sanda. Da bakina na karanta cigiyarsa a tasha, tsakanin sababbin waƙoƙin. Inna har yanzu tana sa mini albarka, na kasa haɗa ido da ita.

Wayar ofis ba ta daina ƙara ba, duk masu ƙorafin kiɗa ne. Ba wanda ya kira ya ce ya gan shi tukuna.