Gyaɗar Jibo a Ƙoƙon Yekuwa

Jibo manomin gyaɗa ne a Yekuwa, gajere, mai faɗin kunnuwa kamar faifai. Kakana ne, saboda haka ina da ikon faɗa.

Tun da jirgin sama ya fara ratsawa ta kanmu zuwa Damagaram, lokacin da kwamandan Turawa ke mulki a Magarya, wasu mutane suka kamu da son labarun abin da bai faru ba tukuna, irin su amalanken ƙarfe mai kai mutum duniyar wata, ko rijiya mai ɗebo ruwanta da kanta. Bayan an gama girbi sukan taru a gari guda su yi ta bayarwa. Kafin a watse sai a zaɓi garin da zai karɓi baƙi baɗi. Akan jera ƙoƙuna a bayan zana, kowane gari da nasa, kowa ya shiga ya jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya.

Kullum Bande ke ci, ko Dogo-Dogo, don su ke da kasuwa da nama. Ƙoƙon Yekuwa kuwa gyaɗar Jibo kaɗai ake tararwa a ciki. Har tsokanarsa ake yi, wai ya sako mata 'yar'uwa kada kaɗaici ya kashe ta.

Abin yana damunsa, amma saboda matarsa Ƙande ne. Ƙafafunta sun shanye tun haihuwar autansu, ba ta jure jijjigar amalanke. Duk labaran da ake yabon Jibo a kansu ita ke ƙirƙiro su tana ɓarar gyaɗa, shi ɗan aike ne kawai. Bai taɓa ɓoyewa ba, mutane ne suka ɗauka raha yake yi. Burinsa ɗaya, ta ji da kunnenta yadda jama'a ke yin tsit idan ana labarinta.

Wata shekara a Bande, bayan la'asar, ya kawo labarin matar da ta shuka wake a kan wata. Ruwa ya ƙi zuwa, ta kama haƙa rijiya. Tana cikin haƙa sai ta ji ana ƙwanƙwasowa daga ƙasa. Jibo ya kai nan, ya karkaɗe rigarsa ya zauna.

Yero mahauci, wanda ke shugabantar taron, ya ce, "Malam Jibo, wa ke ƙwanƙwasawar?"

"Wallahi ban sani ba. Iyakar abin da ta ba ni ke nan. Sauran yana wurin mai shi, kuma ba ta fita daga Yekuwa."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, bai ƙara ko kalma ba. Da aka juye ƙoƙuna, na Yekuwa har zuba yake yi. Yero da kansa a can ya jefa, yana tsaki.

Shekara ta zagayo, kamiyo, wato babbar mota, ya sauke baƙi a bakin garinmu. Aka shimfiɗa wa Ƙande tabarma a gindin gawo. Ta ɗora labarin daga inda ya tsaya, jama'a suka yi tsit. Ni dai ban riƙe ƙarshen labarin ba, kakana nake kallo. Shi ma bai ji ba, ita yake kallo, yana share ido da hannun riga.

Da aka zo zaɓe na tambaye shi ƙoƙon da ya jefa wa.

Ya ce, "Bande mana. Ta riga ta ji, kuma namansu ya fi namu."