Ranar Da Falonmu Ya Ƙi Dawowa Barnawa

Ko tsufa zai kwashe mini tunani kaf, na san akwai wata Lahadi da zai bar mini. Ita ce ranar da maigidana ya kai mu ƙasashen Turawa muna zaune a falonmu na Barnawa, ya kusa kasa dawo da mu.

Maigidan nawa mutumin kirki ne, amma idan ya koyi sabon abu, to kowa ya shiga uku. A shekarar ce wani abokin aikinsa ya nuna masa VPN. Yadda ya bayyana mini, manhaja ce da ke ɓoye inda kake, sai tashar da kake kallo ta intanet ta ɗauka kana wata ƙasa. Ya sa ta a talabijin, ya ce daga yau ba mai leƙen abin da muke kallo, kuma ƙwallon Turai da ake hana mu gani ya zama nasa. Na ce wa zai ɓata lokacinsa yana leƙenmu, mu da ba mu wuce wa'azi da wasan kwaikwayo ba? Na kuma yi ƙorafin cewa tun da abin nan ya shigo gidan, hoto sai ya riƙa tsayawa, wata ƙawanya tana ta juyi a tsakiya kamar mai tuƙa tuwo. Ya ce ban san ci gaba ba. Baƙo kuwa kafin a kawo masa ruwa ya ji labarin cewa mu fa yanzu a Ingila muke.

Surukata, wadda muke kira Mama, a Kamazou take zaune, kuma ta daɗe a zumuntar matan cocinsu. Yayarta, Mama Babba, ita ce mai buga musu tulu idan suna waƙa. Sun je wani babban taro tare, wata ƙaramar tashar intanet ta ɗauki waƙoƙinsu, ba a jima ba Mama Babba ta kwanta ciwo, Allah ya yi mata rasuwa. Abin da ya rage wa Mama hoto ɗaya ne tak, wanda marigayiyar ta murtuke fuska a ciki, ita da kowa ya san ta da dariya. Sai aka yi sanarwa a coci cewa tashar za ta nuna taron ranar Lahadi da yamma, sau ɗaya, ba maimaici. Mama ba ta tambayi kowa ba, ta miƙe ta ce a haɗu a gidan ɗanta, shi ne mai babban talabijin da ilimin sarrafa shi.

Ranar kuwa kekuna masu ƙafa uku suka yi ta sauke mana mata, kowacce cikin zanen zumunta, wasu tun daga unguwar Nasarawa. Maƙwabciyarmu Hajiya, da ta saba wasa da marigayiyar, ta shigo da kunun aya mai sanyi. Wuta ma ranar ta yi mana mutunci. Mama ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarma dab da talabijin. Maigida ya ɗauki rimot yana murmushi, ya ce yau za su ga aiki.

Lokaci ya yi, ya latsa tashar. Maimakon mata da waƙa, sai rubutu ya fito a kan baƙin allo. Ya karanta a zuci ya yi tari, ni kuwa na karanta a fili: wai ba a nuna wannan shiri a ƙasar da muke. Ashe tashar 'yan gida kawai take yi wa aiki, mu kuma ga mu a Ingila.

Nan ne halin mutumin ya fito. Ya saba duk lokacin da wasa ya ƙi buɗuwa sai ya canja ƙasa, saboda haka ya ce ƙaramin abu ne, ya mayar da mu Jamus. Ta ƙi. Ya tsallaka da mu Kanada, nan ma rubutun ya biyo mu. Na zaro wayata in rufa masa asiri, ashe ita ma ya yi mata biza ban sani ba. Na raɗa masa ya kashe abin nan, ya ce in bar shi, ba a nan matsalar take ba. Hajiya ta kurɓi kununta ta ce, "Baban yara, idan za ka bi ta Makka, don Allah ka sauke ni." Falo ya ɗauki dariya, shi kuwa gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka kira ɗaya daga cikin matan a waya aka ce an fa shigo kan waƙar cocinsu. Na dubi Mama, na ga ta naɗe hannuwa a cinya tana kallon baƙin allon nan, wallahi sai tausayinta ya kama ni, na ji haushin mijina har wuya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, ni ban san abin da kake taɓawa ba. Amma Yaya ko Legas ba ta taɓa zuwa ba. In za ka neme ta, a gida za ka neme ta."

Ya dubi rimot ɗin da ke hannunsa. Sannan ya sunkuyar da kai, ya shiga ya kashe VPN ɗin.

Nan take hoto ya fito tar, ba ƙawanya ba tuƙin tuwo. Baitin da Mama ta ja da bakinta ya riga ya wuce, waƙar tana gab da ƙarewa. Sai mai ɗaukar hoto ya karkato, ga Mama Babba ta rungume tulunta tana bugu, ɗankwali ya zame gefe, tana dariya wushiryarta a waje. Mama ta matsa ta dafa allon da tafin hannu ta ce, "Ga ki nan." Matan suka karɓi waƙar a falona, har Hajiya tana share ido da gefen mayafi.

Da suka tashi tafiya, maigida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana ba ta haƙurin baitinta da ya sa ta rasa. Ta ce ai ba kanta ta zo gani ba, tana da madubi a gida. Sai ta dafa kansa ta ce, "Sannu da dawowa. Yaya hanya, ina kuma tsarabarmu?" Har yau haka 'yan zumunta ke gaishe shi a ƙofar coci, yana amsawa ƙasa-ƙasa.

VPN ɗin na nan ba mu jefar ba, don tana da ranarta. Yakan kunna ya kalli ƙwallonsa, ana tashi ya kashe, ba sai na tuna masa ba. Ni dai abin da na koya shi ne, ɓoye gida dabara ce, amma wanda ya manta ya buɗe ƙofa, nasa ma in sun zo ba za su same shi ba. Saura ƙiris mu rasa dariyar Mama Babba ta ƙarshe don an ce muna Ingila, alhali ita tana gida tana jiranmu.