Ɗaki Ɗaya Mai Sanyi a Gidan Pyo

Duk wanda ya yi gyaran boila, injin ɗumama ruwa da ƙasan ɗaki, a garin Chuncheon ya san Pyo Man-gil, kuma ban san mutum ɗaya da ke sonsa ba. Ni sunana Bong, sana'armu ɗaya, shagona yana kallon nasa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ya fi reza kaifi. Ya fara aiki tun ana ɗumama ƙasan ɗaki da kwal, hayaƙi na kashe mutane cikin barci, har aka zo zamanin gas da bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe. Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu.

In aka kira shi aka ce famfo na ba da ruwan zafi amma ƙasa ta ƙi ɗauka, ba ya fara taɓa boila. A bakin ƙofa yake cire safa, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da tafin ƙafa. Idan gidan duka sanyi ne, to bawul mai baki uku, makunnin da ke raba ruwan zafi, shi ne ya maƙale, yana tura zafin duka zuwa famfo, ko injin tura ruwa ya mutu, ko iska ta shiga bututu. Idan kuwa ɗaki ɗaya ne, sai ya wuce kicin, ya buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda ƙananan bawul suke jere, kowane ɗaki da nasa.

"Boila ba ta zaɓen ɗaki," in ji shi. "Mutum ne ke zaɓa."

Da a nan yake tsayawa da sauƙi. Amma Pyo sai ya wangale ƙofar gida tukuna, yadda duk benen zai ji, sannan ya faɗi abin da ya gani.

Ni ma ya yi min. Wata shekara kasuwa ta tsaya, gas ya yi tsada, na rufe bawul ɗin ɗakin mahaifiyata, na ce mata boilar ce ta tsufa. Wurin da ya fi ɗumi a gida na babba ne, ɗan yaye ma ya san haka, amma na yi. Ina wajen aiki tsohuwa ta lulluɓa bargo, ta tsallaka titi, ta kira Pyo. Na dawo na tarar da mutane cike da matakala.

"Ga mai gidan nan!" in ji shi. "Bong, zo ka ga abin mamaki. Boilarka ta san ɗakin uwa, ta tsallake shi!"

Shekara biyu matan kasuwa na ganina suna rufe baki. Na haɗiye, amma ban narkar ba. Shekara ashirin da biyu abin yana cikina.

Sai tsufa ya cim masa. Ciwon suga ya cinye masa ido, matarsa ta rasu, ya sayar da shago ya koma gidan ɗansa tilo, Yong-tae, hawa na tara. Jakar kayan aikinsa ba ta shiga gidan ba, an ce tana warin mai. A tsakiyar Janairun bara wayata ta yi ƙara.

"Bong, ni ne."

"Na gane muryar, Yaya. Ashe kana nan ba ka mutu ba."

"Sai na binne ka, ɗan banza. Boilarmu ce. Ruwa na zafi, ƙasa ba ta ɗauka. Mai baki uku ne, ka taho da sabo. Ka zo ranar Laraba da hantsi, lokacin duk sun fita."

Na ajiye waya ina juya maganar. Mutumin da bai taɓa yin aiki ba sai da 'yan kallo, yau shi ne ke neman lokacin da ba kowa? Ban je Laraba ba. Lahadi na je da rana, kuma da gangan na yi.

Na tarar da surukan Yong-tae sun zo, uba da uwar matarsa, suna zaune a ƙasan falo suna ɓare lemo. Yong-tae ya yi turus da ya gan ni da jaka.

"Baba Bong, lafiya? Boilarmu ƙalau take."

"Tsohonka ne ya kira. Bari dai in taka."

Na cire safa a bakin ƙofa. Falo ɗumi har yana lasar ƙafa. Kicin ɗumi, ɗakin ma'aurata ɗumi. Na tura ƙofar ɗakin ƙarshe, sanyi ya hau min har gwiwa, kamar na taka kogi a watan nan. Pyo na zaune a kan barguna uku da aka ninke, da rigar fita a jikinsa, da hula. Ya rame ƙwarai.

"Laraba na ce maka," in ji shi a hankali.

"Yaya, mai baki uku ba ya zaɓen ɗaki. Wa ya koya wa garin nan haka?"

"Rufe ƙofar." Ya lalubo ƙafar wandona ya riƙe. "Je ka canza shi, ka ce ya lalace. In za ka wuce ka leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka yi abin da ya kamata. Ba sai ka ce komai ba. Ƙanena, roƙonka nake."

Shekara arba'in muna gaba da juna, bai taɓa ce min ƙanena ba sai ranar.

Na je kicin na durƙusa. Bawul biyar ne, huɗu a buɗe da mariƙansu. Na biyar a rufe, an kwance mariƙin an tafi da shi, an mayar da noti tsaf. Haka Pyo yake yi wa ɗakin da ba kowa a ciki, don kada yara su yi wasa da shi, kuma a wurinsa ɗan ya gani. A ƙurar bututun ga sawun yatsu birjik. Tsohon ya sha rarrafowa nan in gida ya watse, yana lalube, ya san wurin, ba shi da ko filaya.

Filaya tana hannuna. Juyi ɗaya ne, in rufe ƙofar, in canza abin da bai lalace ba, in tafi. Na san haka sarai. Sai na tuna muryar Pyo a matakalar gidana, da dariyar matan nan.

Na miƙe na wangale ƙofar gida.

"Yong-tae! Zo ka ga abin mamaki. Boilarka ta san ɗakin uba, ta tsallake shi!"

Surukin ya ajiye lemonsa. Matarsa ta kalli 'yarta, 'yar ta kalli ƙasa. Ƙofar maƙwabta ta buɗe. Yong-tae kallona kawai yake, kunnuwansa sun yi ja. Daga ɗakin ƙarshe tsohon yana ta ihu, "Ni na sa shi! Zafi ne ke damuna, ni na ce ya rufe!" Ba wanda ya ko waiwaya. Na buɗe bawul ɗin, ruwa ya yi gurnani a bututu, na sa safata na fita. Ranar kwano biyu na shinkafa na ci. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Kwana goma bayan nan Yong-tae ya kai shi gidan tsofaffi a bayan tafkin garin. Ya gaya wa dangi tunda an ce sanyi yake ji a wurinsu, can akwai ɗumi dare da rana.

Sai a watan Maris na iya zuwa. Ɗakin mutum shida ne, iska mai zafi na hurowa daga rufi, ƙasa kuwa sanyi. Mutumin da ya yi shekara saba'in da tara yana kwana a ƙasa, ga shi a kan gado mai shingen ƙarfe. Ya zuro ƙafa ɗaya ta tsakanin ƙarafan, ba safa, tana lilo, ba ta kai daɓe ba. Tarina ya ji ya gane ni.

"Ka zo ganin aikinka?"

"Abin da ka yi min na yi, Yaya. Ko kalma ɗaya ban ƙara ba."

"Ranar da na yi maka, a ina tsohuwarka ta kwana?"

"A ɗakinta."

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi."

"Shekara nawa ta ƙara a gidanka?"

Na ce shida.

Ya gyaɗa kai. "Kai mai kunya ne, na sani, shi ya sa na ɗaga murya. Wancan kuwa ni na haife shi, na san abin da na haifa. Shi ya sa na ce maka Laraba."

Ya janye ƙafarsa, ya juya wa bango, ya ce in zan fita in gaya wa mai jinya ta zo ta sa masa safa.